Daɓen Gidan Mai Iri

Litinin, 10 ga Mayu 1999, bayan La'asar

Littafin shirin darasi ne wannan, amma shafukan baya a banza suke, ni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Yau kwanan Yaya Yari tara a gidana nan Gobarau. Na fitar da keken ɗinki daga ɗakin waje na shimfiɗa masa. Abin da likita ya kira ni baranda ya faɗa mini ba zan rubuta shi ba.

Mu biyu ke nan uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara takwas. Shekara talatin yana Ikko yana zane-zane, ni ina nan ina fama da 'yan aji huɗu. Ban taɓa ɗaukar abin nasa sana'a ba, kuma ya sani, don ban iya ɓoye magana ba. Ya dawo da akwati ɗaya na tufafi da ɗauri goma sha ɗaya na zane. Idon nan da ya ci abinci da shi, yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Ɗazu ina ba shi kunu ya ce, "Malama, na ji a bakin masu dubiya wai sojoji sun yanka gonar Mai Iri fuloti-fuloti sun raba kafin su sauka daga mulki."

Na ce, "To ina ruwanka? An ba ka ne?"

"Gidan da Baba ya yi aiki za su rushe. Ki kai ni."

Na ce masa mutumin da sai an riƙe shi yake kaiwa ƙofar banɗaki, shi ne zai je bayan Ƙofar Kwaya? Ya bar ni na gama faɗana tas, sannan ya ce, "Akwai daɓe a ƙarƙashin ledar babban ɗakin. Inna ce ta yi shi."

Inna Hajo ta rasu ina da kwana arba'in. Ba hotonta, ba zanenta, ko cokalinta ban gada ba. Shekarata hamsin, sai yau wani ya ce mini akwai abin da hannunta ya taɓa da ya rage a duniya.

Talata, 11 ga Mayu, kafin in tafi makaranta

Na kwance ɗauri guda. Ikon Allah! Gida ɗaya ne, amma ya zana shi ya fi sau ɗari, da rani, da damina, daga gaba, daga baya. Babu mutum ko ɗaya a ciki, babu dabba. Kuma kowanne akwai wasu zobba a cikin zobba, ja da baƙi da ɗigon shuɗi, wani lokaci a bango, wani lokaci a sararin sama. Na daɗe a tsugune har shayina ya huce.

Na tambaye shi zobban mene ne. Ya ce daɓen ne.

Ga yadda ya ba ni labarin, in rubuta kada ya ɓace mini. Bayan yaƙin Bama aka turo wani Baturen gona, mutane suka sa masa Mai Iri saboda rabon irin gyaɗa da yake yi. Siminti ya yi wuya a lokacin, kwano ma haka, sai ya kira maginan cikin gari suka gina masa da tubali da azara, irin ginin da suke wa manya. Babanmu shi ne kukunsa. Da aka zo ƙasan ɗaki, Baba ya ce matarsa ta iya daɓe. Inna ta gayyato mata, kwana shida suna yi. Yaya yana ɗan shekara takwas, shi ke miƙa mata tsingaro, wato fasassun tukwane, da gutsattsarin farantan tangaran masu shuɗi da Baba ya tara daga kicin. Shekara biyu aka taka daɓen. Matar Baturen ta iso daga ƙasarsu ta ce ƙasa ce, ba za ta taka ba, aka shimfiɗa leda. Tun daga ranar bai sake ganinsa ba.

Na ce, "Wato shekara arba'in da takwas kana zana abin da ka gani kana yaro?"

Ya ce, "Kuma har yau ban same shi daidai ba."

Alhamis, 13 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Ɗan acaɓa ya sauke ni inda kwalta ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa. Duk gonar an kafa mata duwatsun shaida, mangwarorin an sare rabi. Gidan yana tsaye shi kaɗai a tsakiya, tagogi babu, ƙofa ɗaya a rataye.

Akwai mai gadi, wani dattijo Malam Sani, mutumin ƙauye ne da ya shigo birni neman aiki. Mun gaisa har iyalinsa na can gida sai da na tambaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce shi dai an ce ya hana satar azara, ba a ce ya hana kallo ba. Ya ƙara mini da abin da ya sani: bayan Turawa gidan ya zama ma'ajiyar iri, ya zama ta takin zamani, ya zama masaukin baƙi, sojoji suka zauna shekara biyu, daga nan sai awaki da jemagu.

Na sa ƙafa ciki, zafin nan na Mayu ya tsaya a bakin ƙofa kamar an ce masa dakata. Na ɗaga kai. Subhanallahi! Bakuna huɗu na ƙasa sun taso daga bango sun haɗu a sama, babu ginshiƙi, babu ƙarfe, shekara hamsin ba su tsage ba. Ni da nake alfahari da ɗakina na bulo, kunya ta kama ni. A nan garin aka haife ni, na yi ta wucewa ta hanyar nan zuwa biki da gaisuwar mutuwa, ban taɓa leƙowa ba.

Malam Sani ya ce Alhajin da filin ya faɗo wa yana so a baje wurin ranar Juma'a 28, kafin farar hula su hau ran Asabar su ce za a sake duba takardu. Kwana goma sha biyar ke nan.

Juma'a, 14 ga Mayu, da azahar

Bai ci komai ba. Ya tambaye ni ko bakunan na nan, na ce suna nan.

Lahadi, 16 ga Mayu, da yamma

Mun ɗaga ledar ni da Malam Sani. Ashe hawa uku ce, kowane zamani ya shimfiɗa tasa a kan ta wancan. Ta ƙasan ta manne, sai da muka sa wuƙa. Abin da muka tarar baƙin dauɗa ne ya daskare, ga ruwan taki da ya zuba ya bushe. Raina ya ɓaci, na ce a banza na kashe Lahadina.

Sai na kankare wani wuri da farce, faɗin tafin hannu. Wani ɗan shuɗi ya leƙo. Na ƙara, ga ja a gefensa, an jera su a tsaye ɗaya na bin ɗaya, sun lanƙwasa. Na zauna daɓas a cikin kashin jemage sanye da zanena na fita unguwa. Malam Sani ya fita waje ya ba ni wuri, Allah ya saka masa.

Na dawo na gaya wa Yaya. Ya juya fuska bango. Daga baya ya ce kada in yi gaggawa, in nemi wata Inna Dije a Ƙofar Marusa, in tana raye tana cikin matan da suka yi aikin. Na ce to. A raina na ce wankin ƙasan ɗaki har sai na nemo tsohuwa? Ni da nake sa a wanke azuzuwa shida duk ƙarshen zango.

Talata, 18 ga Mayu, da hantsi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan an tashi makaranta na tafi da bokiti biyu da garin sabulu da buroshin waya. Na zaɓi kusurwar gabas na kwarara ruwa, na goge iya ƙarfina, na ƙara ruwa na bar shi ya jiƙa ya kwana, yadda nake wa siminti. Da sassafe na koma. Wurin, faɗin tabarmar sallah, ya zama taɓo. Tsingaron sun fita suna yawo a ciki. Na sa hannu in mayar da su, ban san inda kowanne yake ba.

Garin neman gira na rasa ido. Turawa ba su ɓata shi ba, taki bai ɓata shi ba, sojoji da takalmansu ba su ɓata shi ba, sai 'yar cikinta da takardar shaidar malanta. Na tsani kaina yau, wallahi na tsani kaina.

Na tsince su ɗaya ɗaya na ɗaure a gefen mayafi. Ban je makaranta ba.

Talata, bayan Magariba

Ya tambaye ni yaya daɓen. Na ce lafiya lau.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan La'asar

Na sami Inna Dije. Tana raye, ta haura tamanin, ta lanƙwashe kamar lauje, amma bakin nan garau. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni 'yar Hajo ce matar kukun Mai Iri. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta wajen haske ta ce, "Goshin ne. Ɗiyar Hajo, sai yau?"

Na kwance mayafi na nuna mata, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Ta yi salati ta tafa hannu.

"Mi ya kai ki? Daɓe ake ba ruwa ya kwana? Ke ba a gidan ƙasa aka haife ki ba?"

Na ce a gidan ƙasa aka haife ni, a makarantar kwana na girma.

"Shi ya sa. Boko ya ba ku ido ya amshe maku hannu."

Da wata ce ta faɗa mini haka da ta ji amsa. Na sunkuyar da kai. Na ce mata ko ma mene ne nan da kwana takwas katafila za ta bi ta kansa, ni dai ina so Yaya ya same shi a wanke. Ta ce, "Ina ruwana da katafila? Gawa ma da za a binne wanka ake mata. Ki samo ɓawon ɗorowa buhu guda ki jiƙa a randa, shi ne makuba. Ki samo jar ƙasa da tsakuwa. Madaɓina shina nan ƙarƙashin gado."

Asabar, 22 ga Mayu, da yamma

Na ɗauko ta a tasi, da ita da wasu tsofaffi biyu maƙwabtanta da suka ce ba za a yi babu su ba. Ba ta bari ruwa ya taɓa wurin ba. Da sakaina muka yi ta kankara a hankali, mu share da tsintsiya mai laushi, ta yayyafa makuba da yatsu kamar mai sa gishiri a miya, mu goge da tsumma. Tun safe har rana ta karkata.

Sannan ta ce mu tashi mu koma bakin ƙofa mu duba.

Ban san yadda zan rubuta ba. Daga tsakiyar ɗakin, daidai inda bakunan sama suka haɗu, zobe ya fara ƙarami, wani ya kewaye shi, wani ya kewaye wannan, har bango. Na ƙirga goma sha tara. Ja, baƙi, ja, baƙi, shuɗin nan yana tsakaninsu jefi-jefi. Da hasken taga ya sauka a kai, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki ja, har fuskar Malam Sani. Matan da ba su taɓa riƙe fensir ba, ba ma'auni, ba takarda. Na tambayi Inna Dije da me suka auna. Ta ce Hajo ta kafa turke a tsakiya ta ɗaura igiyar guga, tana zagayawa a durƙushe tana ƙara taƙi ɗaya duk zagaye, sauran suna binta.

Na ce, "Ita ta tsara shi duka?"

"Wa kuma? Mu 'yan bugu ne. Baturen nan da ya shigo ya gani, hularsa ya cire."

Kusurwar gabas kuwa tana nan da raminta, duk inda na juya sai idona ya koma can.

Litinin, 24 ga Mayu, da safe

Jiya jikin ya motsa. Likita ya zo gida. Ya ce kada a ɗaga shi ko nan da can. Na raka shi zaure, ya sake faɗar abin nan, wannan karon da adadin kwanaki.

A makaranta yara sai maci suke koya saboda ranar rantsarwa. Rediyo ba ta da zance sai miƙa mulki. Kowa ya ɗinka babbar riga.

Litinin, da azahar

Bai ci komai ba.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan La'asar

Kwana uku ke nan muna gyaran kusurwar. Inna Dije ta kwaɓa ƙasar, ta jera tsingaron da ke mayafina tana bin lanƙwasar zoben, ba ta ko yi shakka ba. Da aka zo bugu ta miƙo mini madaɓin, wani katako mai faɗin kai da hannu ya sa ya yi sulɓi. Ta ce, "Wadda ta ɓata ita ka gyarawa. Durƙusa."

Wayyo bayana! Na zaci ƙarfi ake sawa, ta ce in na ƙara irin wannan bugun za ta mare ni. A sake hannu, a bar katakon ya faɗi da nauyinsa, a matsa kaɗan, a sake. A yayyafa makuba, a jira, a koma. Tsofaffin suka zauna a gefe suna tafi suna ba ni waƙar da suka yi a wancan lokacin:

Madaɓi sauka, ƙasa ki kwanta,
Gida na Bature, aiki na mata.

Tun ina jin kunyar Malam Sani har na manta da shi na shiga amshi. Tafin hannuna duk ya yi bororo, biyu sun fashe. Wurin ya kwanta, ya fi sauran duhu kaɗan. Inna Dije ta shafa ta ce ba laifi, wanda a bakinta yabo ne babba.

Na yanke shawara. Gobe zan kai shi, likita ya yi haƙuri. In na bar shi a gadon nan ma ba tsira zai yi ba, kuma ba zan iya haɗa ido da shi ba ran Juma'a.

Alhamis, 27 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Mun kai shi da hantsi a bayan akori-kura, kwance a kan katifa, ina riƙe da lema. Malam Sani da direban suka ɗauke shi kamar ba su ɗauki komai ba. A bakin ƙofa ya ce a sauke shi, a cire masa takalmi.

Ya taka. Ya tsaya. Ya ce, "Sanyin! Rakiya, sanyin na manta. Duk shekarun nan launi nake bi."

Ya ce a kwantar da shi. Ya bi zobban da tafin hannu yana jan jiki, yana ƙirgawa a hankali, wani wurin ya ce nan shi ya miƙa, guntun butar shayi ne. Inna Dije tana zaune ta jingina da bango tana ce masa haka ne. Na tambaye shi ko yana ganin wani abu, ya ce yana ganin ja. Ba wanda ya yi magana mai ƙarfi a ɗakin nan, direban ma da yake ta gaggawa ya tsuguna yana kallo.

Ina ta addu'a ya gaji kafin ya kai gabas. Bai gaji ba. Hannunsa ya hau wurin, ya tsaya, ya koma baya, ya dawo.

"Nan ba na Inna ba ne. Sabo ne."

Na faɗa masa komai, har da buroshin waya, har da ƙaryar da na yi masa. Na jira faɗa.

Ya ce, "Wa ya buga?"

"Ni."

Inna Dije ta ce, "Karo na biyu ke nan da ta buga shi. Wancan karon Hajo na da cikinta wata takwas, a durƙushe, mun yi mun yi ta huta ta ƙi. Duk zoben nan sha tara da wagga aka zagaya su."

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi dariya ba. Na kifa goshina a ƙasan nan na yi kukan da ban yi ba tun da ya dawo, kuma ba wanda ya ce in yi shiru.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Ban je ba. Malam Sani ya biyo ya ce an gama kafin azahar. Ya ce bakunan sai da katafila ta ja baya sau uku.

Asabar, 29 ga Mayu, da yamma

An rantsar da su. Daga nan ana jiyo ganguna da hon ɗin motoci. Na kashe rediyo don ya samu barci, amma bai yi ba.

Ya sha kunu cokali huɗu. Bai tambayi gidan ba, ni ma ban faɗa ba. Da na zo ɗauke kofin ya ce in ba shi hannuna. Na ce duk ciwo ne, ga makuba ta rina shi ta ƙi fita. Ya ce in kawo dai. Ya juya tafin, ya bi bororon da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kai shi hancinsa ya shaƙa.

Ya ce, "Kin sha tambayata yadda take, ina ce miki na manta fuskar. To haka hannunta yake."

Har yanzu bai sake shi ba. Da ɗayan nake rubutun nan.